Inda Aka Buge Daban, Inda Aka Dafe Daban

Daren Talata, 15 ga Disamba 2020, West Brom ta kai wa Manchester City ziyara a filin Etihad. Wanda duk ya biya kuɗin benci a gidan kallo a daren nan, ƙirgen ƙwallaye ya je yi, domin babu mai tsammanin ƙungiyar da ke ta biyun ƙarshe a teburin Firimiya za ta fito daga hannun yaran Guardiola da sauran mutunci. Gundogan ya buɗe da ci wajen minti na 30. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci sai Semi Ajayi, ɗan bayan Super Eagles, ya juya cikin cunkoso ya ɗirka ƙwallo, ta goga jikin Ruben Dias ta shige raga. Da aka dawo, City ta tare a gidan West Brom ta ƙi tashi. A mintocin ƙarin lokaci aka sa wa ƙwallo kai har sau biyu a bakin raga, gola Sam Johnstone ya ture duka biyun. Alƙali ya hura tashi ana 1-1.

Kocin West Brom, Slaven Bilic, ya tsaya gaban 'yan jarida da tsammanin za a yi maganar makin da ya ƙwato. Tambayar da ke bakinsu daban ce: ko ya ji raɗe-raɗin cewa an gama shawarar korarsa? Washegari Laraba sanarwa ta fito. Kafin a kwanta barci a wannan ranar an riga an naɗa Sam Allardyce a kujerarsa. Wanda ya taɓa ɗaukar ko da mai gadi ne ya san ba a gama ciniki da sabon ma'aikaci cikin yini guda. Ke nan lokacin da Johnstone ke shawagi yana ture ƙwallaye, magana ta daɗe da ƙarewa a ofis, kuma babu wani sakamako da za a samu a filin da zai canza ta.

Mutumin ya cancanci a san shi kafin a yanke masa hukunci. An haife shi ranar 11 ga Satumba 1968 a Split, birnin bakin teku, tun Kuroshiya na cikin Yugoslabiya. A Hajduk Split ya tashi, ɗan baya ne dogo mai ƙarfin kai da ƙarfin zuciya. Yana da digirin lauya, yana kaɗa jita a wata ƙungiyar mawaƙa mai suna Rawbau, yana jin Jamusanci da Italiyanci da Turanci. A 1993 ya koma Karlsruhe ta Jamus har ya ɗaura ƙyallen kyaftin. A farkon 1996 Harry Redknapp ya kawo shi West Ham a kan fam miliyan 1.3. Shekara na zagayowa Everton ta zo da fam miliyan 4.5, aka daidaita tun cikin Maris, amma Bilic ya ce ba zai tafi ba sai ya ga West Ham ta tsira daga faɗawa rukunin 'yan dagaji. Ya zauna har ƙarshen kaka, ƙungiya ta tsira, sannan ya ɗauki jakarsa. Mutanen gabashin Landan ba su manta masa wannan ba.

Sai dai akwai abin da duniya ba ta manta masa ba ita ma, kuma ba na alheri ba ne.

Ranar 8 ga Yuli 1998, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya, Faransa mai masaukin baƙi da Kuroshiya, wadda wannan ne zuwanta na farko kuma ta riga ta lallasa Jamus 3-0. Suker ya ci wa Kuroshiya, Thuram ya rama wa Faransa, Thuram ya ƙara. Saura kusan kwata a tashi, Faransa ta sami bugun tazara, manyan 'yan baya suka taru a gaban ragar Kuroshiya ana 'yar turereniya. Bilic ya riƙe Laurent Blanc. Blanc ya sa tafin hannu ya ture shi a wajen haɓa. Sai ga Bilic ya zube ƙasa, hannu a saman fuska, wajen goshi da ido, inda yatsan Blanc bai kai ba. Alƙalin wasa, Garcia-Aranda ɗan Sifaniya, ya zaro jan kati. Blanc, mutumin da ya ci wa Faransa ƙwallon da ta fitar da Paraguay, wanda kafin kowane wasa yake sumbatar ƙwalƙwal ɗin kan gola Barthez, ya kalli wasan ƙarshe daga gefen fili. Ranar 12 ga Yuli Faransa ta ci Brazil 3-0 da Frank Leboeuf a gurbinsa. Kuroshiya ta koma gida da matsayi na uku.

An taɓa Bilic, wannan gaskiya ne. Amma inda aka buge shi daban, inda ya dafe daban, kuma inda ya dafe ɗin aka duba aka yanke hukunci. Wannan faɗuwar ce ta sa na ɗauko labarinsa. Abin da ya yi wa Blanc cikin daƙiƙa biyar, shi aka yi ta yi masa shekara da shekaru bayan ya zama koci, sai dai da takarda mai hatimi: ciwon ƙungiya na wani wuri, mai ƙungiya ya dafe wani wuri gaban jama'a, a ba wani jan kati. Ban ce alhaki ba ne, wannan sanin Allah ne. Na dai ce salon ɗaya ne.

Farkon aikinsa na horarwa ya yi albarka. A 2006 aka ba shi babbar tawagar ƙasarsa bayan ya riƙe 'yan ƙasa da shekara 21, ya taho da yaran da ya raina, irin su Modric da Corluka da Eduardo. Ranar 21 ga Nuwamba 2007 ya je Wembley cikin ruwan sama, alhali Kuroshiya ta riga ta sami gurbinta, ya ci Ingila 3-2 ya hana ta zuwa gasar Turai ta 2008. Kocin Ingila, Steve McClaren, yana tsaye a gefe riƙe da lema. Gari na wayewa aka kore shi. A gasar kanta Kuroshiya ta doke Jamus, sannan ta haɗu da Turkiyya: Klasnic ya ci a minti na 119, Bilic ya ruga cikin fili yana murna, kafin ya gama komawa benci Semih Senturk ya rama, aka fitar da su a bugun fenariti. Shekara 6 ya yi a kujerar, kuma da ƙafarsa ya sauka a 2012. Tun daga nan bai sake yin ko rabin wannan a wuri ɗaya ba.

Lokomotiv ta Mosko kaka ɗaya ce, ya ƙare na 9, aka sallame shi, kuma babu wanda zai ce an zalunce shi. A Besiktas ta Istanbul ya tarar an rushe filin ƙungiyar ana gina sabo, ya yi kaka biyu yana wasannin gida a filin aro, ya ƙare na uku sau biyu. A can ne ya fitar da Liverpool daga gasar Europa a Fabrairun 2015, ɗan ƙasarsa Lovren na Liverpool ya ɗaga fenaritin ƙarshe sama. Aka rabu a ƙarshen kaka, Senol Gunes ya gaji abin da ya tara ya ɗauki kofin lig sau biyu a jere.

A West Ham ne labarin ya yi kauri.

A Yunin 2015 masu ƙungiyar, David Sullivan da David Gold, suka kira shi ya gaji Sam Allardyce. A riƙe wannan sunan. Kakarsa ta farko ita ce irin wadda ake ba jikoki labari. Ranar buɗe gasa ya je gidan Arsenal ya ci 2-0 da yaro ɗan shekara 16, Reece Oxford, a tsakiyar fili. Ya je Anfield ya ci 3-0, abin da West Ham ta rabu da yi tun 1963. Ya je Etihad ya ci 2-1, Victor Moses ne ma ya fara zura ƙwallo daga nesa. Dimitri Payet, da aka saya daga Marseille a kan abin da bai kai fam miliyan 11 ba, ya mayar da bugun tazara tamkar fenariti. Aka ƙare na 7 da maki 62, mafi yawa da ƙungiyar ta taɓa samu a Firimiya zuwa lokacin. Ranar 10 ga Mayu 2016 aka buga wasan bankwana da filin Boleyn, inda suke zaune tun 1904, suka ci Manchester United 3-2, Winston Reid ya ci ta ƙarshe da ka. Bilic ya yi hawaye a gefen fili.

Me ya sa ake bankwana? Saboda masu gida sun hango babban gini. Filin da aka gina don wasannin Olamfik na 2012 yana zaune, aka ba su haya na shekara 99 a kan fam miliyan 2.5 duk shekara, kuɗin da a Firimiya bai kai albashin ɗan wasa ɗaya mai suna ba. Aka yi wa magoya baya alkawarin fili na gani na faɗa da ƙungiya ta gani ta faɗa. Aka sayar da tsohon gida, aka rushe shi, aka gina gidajen kwana a wurin. Ba a tsaya an auna cewa filin tsere ne ba, ba na ƙwallo ba. A Boleyn ɗan kallo na iya faɗa wa mai jefa ƙwallo magana a kunne. A sabon wuri akwai tazara mai faɗi tsakanin kujeru da ciyawa, ihu kan baje kafin ya isa. Baƙin da dā ke zuwa gabansu na faɗuwa suka koma zuwa shan iska. Watford ta ci 4-2, Arsenal 5-1, Manchester City 5-0 a kofin FA sannan 4-0 a lig, Liverpool 4-0, duk a sabon gidan da aka yi bikin tarewa.

Ƙungiyar gani ta faɗa kuwa, a jarida aka gina ta. Duk tsawon bazarar 2016 ana ta shelar za a kawo babban ɗan gaba, ana kiran sunan Lacazette, ana kiran Batshuayi, ana kiran Bacca. Mai saye ya riga ya faɗa wa kasuwa nawa ne a aljihunsa da kuma irin matsuwar da yake ciki. Ƙarshe aka aro Simone Zaza, wanda ya tafi bai ci ko ɗaya ba, da Calleri. Andre Ayew da aka kashe wa fam miliyan 20 da ɗoriya ya ji rauni a wasansa na farko. A Janairun 2017 Payet ya ce shi ba zai ƙara buga wa West Ham ba. Bilic aka bari ya zauna gaban kyamara, muryarsa na rawa, ya faɗa wa duniya. Aka mayar da Payet Marseille a kan fam miliyan 25.

Ga inda aka fara dafe goshi. Da kasuwar 'yan wasa ta rufe a ƙarshen Agustan 2017 ba tare da an sayo ɗan tsakiyar da ake nema ba, sai Sullivan ya fito fili ya ce ai an yi wa koci tayin Renato Sanches da Krychowiak, shi ya ƙi. Ko da maganar gaskiya ce, duba abin da aka yi: mai gida ya kira taron gari don ya shaida musu cewa in abu ya lalace, ga wanda za su tuhuma. 'Yan wasa na karanta jarida. Daga ranar da yaro ya gane mai gida ya janye hannunsa daga bayan shugabansa, gudun da zai yi ya ragu. Ranar 4 ga Nuwamba Liverpool ta zo ta ci 4-1. Ranar 6 aka kori Bilic, ƙungiya na ta 18 da maki 9 a wasa 11.

A yi adalci, a lokacin ƙungiyar ta lalace a hannunsa, bayanta ya zama ƙofar gari, kuma David Moyes da ya gaje shi ya tsamo ta ta ƙare ta 13. Amma idan koci ne kaɗai ciwon, me ya faru ranar 10 ga Maris 2018, wata huɗu bayan tafiyarsa? A wasan da Burnley ta ci su 3-0 a gida, magoya baya suka fara kutsawa cikin fili. Kyaftin Mark Noble ya yi kokawa da ɗaya ya kai shi ƙasa. Wani ya tumɓuke tutar kwana ya tafi da ita tsakiyar fili ya ɗaga. Ɗaruruwa suka taru a ƙarƙashin rumfar manyan baƙi, ba sunan koci suke kira ba, masu ƙungiya suke nuna wa yatsa. Aka jefi Sullivan da kwabo, aka fice da shi da Gold kafin a tashi. Jifa ba tarbiyya ba ce kuma ban yaba ba. Amma ranar jama'a ta nuna ta gane inda aka buge. Moyes ɗin ma da ya cece su, kaka na ƙarewa aka bar shi ya tafi, aka ɗauko Pellegrini mai babban suna, aka kore shi a Disambar 2019, aka koma aka roƙo Moyes. Shi ne ya ɗauko musu kofin Turai a birnin Prague a 2023.

Ni labarin Landan nake bayarwa. Idan akwai wani mai babbar kujera da ya gina ƙofar shiga mai ƙyalli ya bar cikin gida ba kayan aiki, sannan ya kira 'yan jarida ya dakatar da na ƙasa da shi, to ban san shi ba, ban kuma san garinsu ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Bayan wata biyar marasa daɗi a Al-Ittihad ta Jidda, sai West Brom ta ɗauki Bilic a Yunin 2019, tana rukuni na biyu. Aikin da aka ba shi ɗaya ne: ya mayar da ita Firimiya cikin shekara biyu. Ya yi a ɗaya. Ba da kyau ya ƙarasa ba, bayan hutun korona ƙafafun yaransa sun yi nauyi, sai da Brentford ta yi tuntuɓe a wasanninta biyu na ƙarshe, amma ranar 22 ga Yuli 2020 canjaras 2-2 da QPR ya ishe su, suka hau a matsayi na biyu bayan Leeds da maki 83.

Hawa Firimiya na nufin kuɗin talabijin sama da fam miliyan 100. Me aka ba koci? Kaso mai tsoka na abin da aka kashe ya tafi ne wajen mallakar 'yan wasan da dama suna hannunsa a matsayin aro, Matheus Pereira da Grady Diangana. Wato an biya kuɗi don ƙungiyar bara ta ci gaba da zama ƙungiyar bara. Don toshe baya aka kawo Ivanovic kyauta yana da shekara 36. Sannan aka yi abin da ya fi ci masa rai. Ahmed Hegazi, ɗan bayan Masar, ya buga wasan da suka tashi ba ci da Burnley a Oktoba, karon farko a kakar da ba a zura musu ƙwallo a lig ba. Kwanaki kaɗan aka tura shi Saudiyya, kuma Al-Ittihad ɗin da ta kori Bilic ce ta karɓe shi. Bilic ya fito ya ce an tabbatar masa ɗan wasan ba ya zuwa ko'ina, sai ga shi ya tafi. Daga ranar da ya faɗi haka a bainar jama'a ya shiga lissafi. Shugabanni da yawa kan yafe wa ma'aikaci gazawa, amma ba sa yafe masa ya faɗi wanda ya jawo ta.

Nasara ɗaya a wasa 13, maki 7. Lambobin ba su da kyau, kuma su aka ɗaga wa duniya. Aka kawo Allardyce, mutumin da Bilic ya gada a West Ham, yanzu shi ya gaji Bilic, da takensa na cewa ƙungiya ba ta taɓa faɗuwa daga Firimiya a hannunsa ba. Aston Villa ta tarbe shi da 3-0. Leeds ta zo har gida ta ci 5-0, Arsenal 4-0. A Janairu aka samo masa 'yan wasan aro da ba a samo wa na gabansa ba. Ranar 9 ga Mayu 2021 Arsenal ta ci 3-1, West Brom ta faɗi. A matsayi na 19 Bilic ya bar ta, a matsayi na 19 ta ƙare. Abin da korar ta haifar kawai shi ne ta ɓata wa Allardyce tarihinsa.

Sai daga baya littafin kuɗin ƙungiya ya yi magana. A Maris 2021, wata uku bayan an kori kocin da aka hana kayan aiki, ƙungiyar na fafutukar tsira, aka fitar da fam miliyan 4.95 daga asusunta aka ranta wa wani kamfani mai alaƙa da mai ƙungiyar, Lai Guochuan, ɗan kasuwar ƙasar Sin. Wa'adin biya ya zo ya wuce, aka ɗaga, ya sake wucewa. A Disambar 2022 West Brom ta ci bashin fam miliyan 20 daga wani kamfanin Amurka don ta iya tafiyar da harkokinta. Tsakanin nan an kori Valerien Ismael, an kori Steve Bruce. An bar jaki ana ta dukan taiki har sai da mai jakin ya sayar ya tafi a 2024.

Na san abin da wani zai ce daga bencin baya: ai Chelsea ma korar koci take yi tana cin kofi. Gaskiya ne. An kori Lampard a Janairun 2021, Tuchel ya ɗauki Kofin Zakarun Turai a Mayu. Ga ma misali daga gidan su Bilic: Niko Kovac, kyaftin ɗinsa a 2008, Bayern ta rabu da shi a Nuwambar 2019 bayan Frankfurt ta ci ta 5-1, mataimakinsa Hansi Flick ya share kofuna a wannan kakar. Kora na yin magani idan kocin ne ciwon, wato idan akwai 'yan wasa, akwai kuɗi, akwai tsari, mutum ɗaya ne ya kasa. Kuma Bilic ba waliyyi ba ne. Mutum ne da yake iya tayar da ƙungiya a shekarar farko da zafin zuciya da iya zama da yara, amma sau da yawa dabara kan ƙare masa a ta biyu, kuma har ya bar Ingila bai ɗaga kofi a matsayin koci ba. Ba cewa ake kada a kori kowa ba. Tambayar ita ce, idan ka kori na farko, ka kori na biyu, ka kori na biyar, kuma kai ne ka zaɓo su duka, wane ne bai iya aikinsa ba?

Wannan tambayar a Watford ta fi dacewa. Iyalan Pozzo na Italiya sun sayi ƙungiyar a 2012. Javi Gracia ya kai ta wasan ƙarshe na kofin FA a Mayun 2019, aka kore shi bayan wasa 4 na sabuwar kaka. Aka dawo da Quique Sanchez Flores, wanda dama an taɓa rabuwa da shi, bai kai wata uku ba. Nigel Pearson ya tsamo su daga ƙasan teburi, ya tsayar da Liverpool da ba a ci ta ba a lig da 3-0, aka kore shi saura wasa biyu a gama, ƙungiya ta faɗi. Ivic ya zo ya tafi. Xisco Munoz ya mayar da su Firimiya, aka kore shi bayan wasa 7. Ranieri, mai tarihin Leicester, wata uku da 'yan kwanaki. Hodgson ya raka su suka sake faɗuwa. A nan shugabannin suka ce sun yi nadama, sun gane kuskurensu, daga yau sabon babi. Suka ɗauko matashi Rob Edwards, shugaban gudanarwa Scott Duxbury ya yi alkawarin za su tsaya masa ko ana ha maza ha mata. Wasa 10 na lig alkawarin ya yi.

Ranar 26 ga Satumba 2022 aka kori Edwards, a ranar aka sanar da magajinsa. Slaven Bilic ne.

A nan tausayina gare shi yake raguwa. Mutumin da ya san ɗacin a yi cinikin kujerarka kana kanta, shi ne ya zauna aka yi cinikin kujerar wani da shi. Ya ga jerin sunayen da suka gabace shi, ya karanta lauya, ya iya karanta kwantiragi da kuma halin mai ba da shi, amma ya sa hannu a na wata 18. Masu irin wannan gida ba za su daina ba muddin duk ranar da suka leƙa waje za su tarar da layin masu jiran a kira su, kowa na gaya wa kansa cewa waɗancan ba su iya ba ne, shi daban ne. Wasu ma tun mai kujera bai tashi ba suke aika gaisuwa da tsaraba.

Ya fara da kyau kamar kullum. Ya ci Stoke 4-0, ya ci Luton, babbar abokiyar hamayyar Watford, 4-0, har William Troost-Ekong na cikin waɗanda suka zura ƙwallo. Sannan raunuka suka yi yawa, nasara ta yi wuya. Ranar 7 ga Maris 2023, ƙungiya na ta 9, aka kore shi, wata biyar da 'yan kwanaki cikin wata 18. Kafin magoya baya su gama karanta sanarwar a wayoyinsu, ta biyu ta shigo: Chris Wilder ne sabon koci, na goma idan an fara ƙirga daga Gracia, cikin shekara uku da rabi. Aka ce an yi haka ne don a ceto damar hawa. Wilder ya karɓe ta tana ta 9, ya ajiye ta tana ta 11.

Rob Edwards fa, wanda aka ce bai iya ba? Luton ta ɗauke shi a Nuwamba. Ƙungiya ce da baƙi ke bi ta tsakanin gidajen mutane kafin su shiga filinta, kuɗinta bai kama ƙafar na Watford ba. A Mayun 2023 ya kai ta Wembley, ta doke Coventry a bugun fenariti, ta hau Firimiya. Mutanen Watford suka kalli maƙwabtansu a talabijin, da kocin da suka kora wata takwas da suka wuce.

Bilic ya koma Saudiyya, ya riƙe Al-Fateh kaka ɗaya, suka rabu a 2024. Watford ta ɗauki Ismael, wanda West Brom ta kora, ita ma ta kore shi. Ta ɗauki tsohon ɗan wasanta Tom Cleverley, ta kore shi a Mayun 2025. A waɗannan kaka biyun ta ƙare ta 15, sannan ta 14. A duk waɗannan shekarun kujera ɗaya ce ba ta taɓa girgiza ba, ta mai sa hannu a takardun.

Mai karatu, idan ka san wani ranka-ya-daɗe da ya canza shugaban ma'aikata uku cikin shekara biyu, yanzu kuma ya fara yi wa na huɗun kallon hadarin kaji, kada ka yi masa gardama, kada ka ce masa komai. Miƙa masa wannan shafin da hannu biyu, ka ce labarin ƙwallo ne.